Ajin da ke kan bencin mai aski

Shagon Kawu mai aski yana daura da ƙaramar ƙofar kwalejin horar da malamai, a matse tsakanin rumfar mai faci da shagon wata mata mai buga wa ɗalibai takardu. Kayan cikinsa ba su da yawa. Akwai kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa sai an taimaka mata da gwiwa, da madubi mai tsaga a kusurwa, da fanka mai kaɗa kai kamar tana musa duk abin da aka faɗa, sai wani dogon benci na katako a jikin bango. A kan bencin ake jiran layi, amma rabin masu zama a kansa ba aski ya kawo su ba. Direba, wanda ya yi ritaya daga tuƙin motar kwalejin, sanƙo gare shi tas kamar an goge da mai, duk da haka kullum shi ne na farkon zuwa. Mai Faci kan leƙo in babu tayar da ta fashe. Tela kuwa gardama ke kawo shi, in bai tarar ana yi ba ya ƙirƙiro.

Mai askin kawun mutum ɗaya ne a titin nan, amma tun da ɗan ƙanwarsa ya shigo kwalejin yana kiransa haka, sunan ya bi shi, har Direba da ya girme shi nesa ba kusa ba Kawu yake ce masa.

Kawu bai yi nisa a makaranta ba. Yakan ce ba karatun ne ya fi ƙarfinsa ba, zaman wuri ɗaya ne. Da mahaifinsa ya gaji da zuwa ba malamai haƙuri, sai ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani mai aski a bakin tasha. A can ya daɗe yana sharar gashi kafin a bar shi ya taɓa kan mutum, kuma abu biyu ya koyo. Na farko, yadda ake riƙe injin aski hannu bai yi rawa ba. Na biyu, wanda ubangidansa ya fi ba muhimmanci, kada wanda ya hau kujerarka ya sauka bai ji an yabe shi ba. Kai mai tudu, kai mai kwari, ƙeyar da kamar cikin sauri aka yi ta, duk ɗaya ne. Da an karkaɗe zane sai Kawu ya ja da baya, ya karkata kai, ya ce, “Ka fito ango.” Ya faɗa wa yara, ya faɗa wa tsofaffi masu jikoki, ya taɓa faɗa wa wani da ya zo aski zai wuce kotu. Yabon ya zame masa kamar numfashi, bai ma san yana fita ba.

A gida yana da mata da yake kira Hukuma, don ba ta taɓa yanke hukunci an ɗaukaka ƙara ba, da ’ya’ya mata zalla, ba ɗayarsu mai buƙatar aski, abin da yake kira asarar sana’a.

A bayan shagon akwai wani siririn lungu tsakanin bangonsa da katangar kwalejin. Nan ɗalibai ke fakewa su sha sigari, tunda an hana a cikin makaranta. Kowace safiya Kawu kan share guntayen tare da gashin jiya, bai taɓa ɗaukar abin a matsayin damuwarsa ba. Sai ranar da ya zagaya zubar da ruwa ya tarar da Auta, ɗan ƙanwar nan tasa, jingine da bango, kara a baki, ido a rufe, yana zuƙa kamar mai shan magani.

Auta dogo ne mai ranƙwafawa, kamar yana neman afuwar tsawonsa. A takarda ba a ja da shi. Amma a tsayar da shi gaban mutane a ce ya yi magana, sai harshe ya manne, hannuwa su rasa inda za su ajiye kansu. Kuma wai wannan ne zai zama malami. Daga baya Kawu ya gane abin da ya kai yaron lungun. Wuri ne da ba a tambayar kowa komai. Ka tsaya cikin mutane, bakinka da aiki, hannunka da aiki, ba mai cewa ka cika shiru.

Abin ya fito fili ne da aka tura su koyarwar gwaji a wata firamare. Kafin kowane darasi sai Auta ya zagaya bayan ban-ɗaki ya zuƙi rabin kara, sannan ƙafarsa ta yarda ta shiga aji. Yara kuwa hancinsu ya fi na kowa. Suka fara tarin ƙarya da zarar ya shigo. Wata rana shugabar makarantar ta zagaya ta gan shi, ta mayar da shi kwaleji. Kwalejin ta ce ta ba shi dama guda a zango mai zuwa. In aka sake kama shi, ko ya kasa tsayawa gaban aji, sai ya tattara nasa ya nasa.

Mahaifiyarsa ta zo har shago, ta ƙi zama, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi. Mijinta ya rasu, wannan karatun shi ne abin da ta jingina da shi.

“Yaya, ni na yi magana har bakina ya gaji. In na yi faɗa ya sunkuyar da kai, in na yi kuka ya fita. Ga tari da yake yi kullum safiya. Kai ke kusa da shi, na bar maka.”

“Kwantar da hankalinki,” in ji Kawu. “Kan da na aske tun yana rarrafe ba zai gagare ni ba.”

Ya faɗa ne don ta tafi da sanyin zuciya. Shi kansa bai san ta inda zai fara ba.

Da tsoratarwa ya fara. Ya roƙo wani babban hoto a asibitin kwalejin, huhu biyu, ɗaya jajawur, ɗaya baƙi kamar gindin tukunya, ya manna a saman madubi. Tela ya daina cin abincinsa a shagon. Wani uba ya fita da ɗansa da rabin aski saboda kuka. Auta ya zo ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya zagaya lungu.

Da Kawu ya kai ƙara gida, Hukuma tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Yaron da tsoro ke kai shi ga taba, shi za ka ƙara wa tsoro? Ka ga mutum yana rawar sanyi, ka kunna masa fanka.”

“To me zan yi?”

“Me yake tsoro?”

“Mutane.”

“Kai kuma me ka tara a shago, ba aikin fari balle na baƙi?”

Washegari ya cire hoton. Ya samo wani tsohon falanki ya shafe shi da baƙin fenti, ya jingina a bango daura da benci, ya aika a sayo alli. Ya kira Auta ya ce daga yau, in an tashi lakca, ya shigo nan kai tsaye ba ta lungu ba, ya koya wa mutanen benci darasin da zai koya wa yara.

“Kawu, waɗannan ai iyayena ne.”

“Shi ya sa. In ka iya da Tela, ’yan firamare ruwan sha ne.”

Abin da Auta bai sani ba shi ne Kawu ya riga ya tara mutanen bencin ya ja musu kunne. Ba tambaya mai wuya, ba dariya, ba katsewa. In ya gama a yaba.

“Tela, da kai nake.”

“Ni in yi shiru ana magana?”

“Ka ɗauka gaban surukinka kake.”

Ranar farko muryar Auta ba ta kai ta fanka ba. Ya karya alli, ya juya musu baya, ya yi darasin da allo su biyu. Da ya gama aka tafa. Direba ya ce bai taɓa jin bayani mai daɗi haka ba, alhali gyangyaɗi ya yi. Kawu ya ja da baya, ya karkata kai, ya ce, “Ka fito malami.”

Kuma abin ya yi kamar yana aiki. Auta ya fara ɗago kai. Ya rage zuwa lungu. Wata rana har ya shigo yana fito. Kawu ya dinga jin kansa kamar wanda ya gano maganin da likitoci suka kasa.

Sai dai yaron ba wawa ba ne. Ya san Tela tun yana ƙarami. Mutumin da ke musu da rediyo, a ce ya yi kwana da kwanaki yana gyaɗa kai? Wata yamma darasin a kan iska da zafi ne. Auta ya zana taya a allo, ya juyo, ya ce iska in ta ji zafi takurewa take yi, shi ya sa tayar mota kan yi laushi da tsakar rana. Ya faɗa yana duban Mai Faci ido cikin ido.

Mai Faci ya dubi Kawu, ya ce, “Haka ne, malam.”

Direba ya tafa. Kawu, da ke tsakiyar gyara wa wani gemu, ya ce daga inda yake, “Kun ji karatu.”

Auta ya ajiye allin a hankali.

“Ƙarya na yi. Akasin haka ne, kuma Baba Mai Faci ya fi ni sani. Baba Direba ma ya sani.” Ya juya. “Kawu, kai ka ce su yi?”

“Don in ƙarfafa maka gwiwa ne, Auta.”

“Na ɗauka na fara iyawa.” Ya karkaɗe farin alli daga hannunsa. “Ashe aski ake yi mini. Kowa ya hau kujerar nan ango ne.”

Bai ɗaga murya ba. Ya yi musu sallama kamar yadda ya saba, ya fita. Ba a jima ba hayaƙi ya fara shigowa ta ’yar tagar bayan shago.

Auta ya daina zuwa. Kawu kan hango shi yana fitowa daga ƙofar kwaleji, ya ratse ta ɗaya gefen titi, ya shige lungu ta can baya. Zangon koyarwa kuma yana matsowa.

Abin ya zauna wa Kawu a ƙirji. Shi bai taɓa ɗaukar yabo a matsayin ƙarya ba. Wani ɓangare ne na aikin, kamar hoda da ake shafa wa wuya. Mutum ya zo da kai a hargitse da zuciya a hargitse, ka gyara ɗaya ka lallaɓa ɗayar, ina laifi? Amma yanzu ya ga ya yi ta rabon kalmar nan ga duk wanda ya shigo, har ranar da yake buƙatar ta yi nauyi sai ya tarar ba ta da shi. Kuma ya ga wani abu da ya fi ciwo. Da ya ce wa mutanen benci su sassauta, ai cewa ya yi yaron ba zai iya ba. Abin da Auta ke faɗa wa kansa a lungu, shi Kawu ya faɗa a bayan idonsa.

Ya fara gwada kama bakinsa. Ya gama yi wa wani magini aski, ya karkaɗe zane, ya ja da baya, ya yi shiru. Mutumin ya duba madubi, ya duba Kawu.

“Lafiya? Ka ɓata ne?”

“Ban ɓata ba.”

“To ka ce wani abu mana, ka bar ni tsaye kamar maraya.”

Wata rana da la’asar ya bar shagon a hannun Direba ya zagaya lungun. Ɗalibai suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Auta kaɗai ya tsaya, ya ɓoye hannu a baya, hayaƙi na tashi ta bayan kunnensa. Kawu ya ja wani bulo ya zauna.

“Fito da ita kafin ka ƙona riga. Ba ita ta kawo ni ba.”

Auta ya yar da karan ya take.

“Na raina ka,” in ji Kawu. “Ban san raini ba ne sai da ka tafi. Ka dawo sau ɗaya. Zan saki mutanen benci, su yi maka abin da suka ga dama, ni ba ruwana.”

“In na kasa fa?”

“Sai ka kasa a gabanmu. Mu ba ma korar mutum daga makaranta. In ka gama zan gaya maka abin da na gani, mai daɗi ko marar daɗi.”

Auta ya dube shi a kaikaice. “Za ka iya, Kawu?”

“Ni ma koyo zan yi.”

Da aka gaya wa Tela an ɗage dokar, sai da ya je gida ya canza riga. Ranar da Auta ya dawo, bai gama rubuta kan darasi ba Direba ya ɗaga hannu yana neman izinin fitsari kamar ɗan firamare. Mai Faci ya ce an sace masa biro, kuma ya san wanda ya sata. Tela ya ce, “Malam, da mu kake ko da allo? In hira kuke mu ba ku wuri.”

Kawu yana aske wani yana kallon komai ta madubi. Ya ga gumi ya jiƙa bayan rigar Auta. Ya ga hannun yaron ya gangara aljihu, ya dafe kwalin da ke ciki, ya tsaya a nan. Ya ga idonsa ya tafi ƙofa. Maganar ceto ta taso wa Kawu har maƙogwaro, ya haɗiye ta, saura kaɗan ya tafi da kunnen mutumin da ke kujera.

Tela ya juya ya ci gaba da ba Direba labarin wani mai ɗinki da ya gudu da yadin mutane, kamar ba kowa a gaban allo.

“Baba Tela.” Muryar Auta ta fito da rawa, amma ta fito. “Tashi tsaye. Maimaita mana abin da na faɗa na ƙarshe.”

Mamaki ne ya tayar da Tela kafin ya yi shawara da kansa. Ya tsaya, babban mutum da furfura, yana sosa ƙeya.

“Wai... iska ce ko?”

“Wace iska?”

“Wadda dai ka faɗa.”

Direba ya yi dariya har da tari. Auta ya cire hannu daga aljihu, don yana buƙatarsa ya nuna allo. Sauran darasin bai yi wani kyau ba, amma ya kai ƙarshe. Da ya ajiye alli kowa ya dubi Kawu.

Kawu ya kashe inji. “Rabin farko ba ka yi komai ba. Ka ba mu ƙeya, ka cinye kalmomi, ni da ke nan kusa ban ji ba. Rubutunka kuma yana gangarowa kamar zai koma gida.” Ya ɗan tsaya. “Amma ka tsayar da Tela. Matarsa ma ba ta taɓa iyawa ba.”

Gefen bakin Auta ya motsa kamar zai yi murmushi.

Ba a ranar ya daina shan taba ba. Ya je wurin ma’aikaciyar jinyar kwalejin ta ba shi shawarwari, ya yi fama da ciwon kai da saurin fushi, ya tauna murfin biro har Mai Faci ya ce a fara saya masa da kwali. Yakan yi kwanaki bai sha ba, sannan ya shigo ya ce, “Kawu, jiya na sha.” Kawu ya ce, “Na ji. Ɗauki alli.” A hankali ’yan lungun, da ke jin dariya ta taga, suka fara leƙowa kallo. Wani gajere mai in’ina ya tambaya ko shi ma zai iya gwadawa. Bayansa wani ya biyo. Kawu bai taɓa yi wa ɗayansu wa’azin taba ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, wanda zai hau allo ya shigo ta ƙofar gaba kai tsaye daga makaranta, ya fuskanci benci da abin da Allah ya ba shi. Wasu sun daina, wasu sun rage, wasu sun ji zafin bakin Tela ba su ƙara dawowa ba.

Ranar da malamin kwaleji zai je firamaren ya duba koyarwar Auta, Kawu ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya share shago, ya sake sharewa. Ya leƙa titi har Direba ya ce in wuyansa ya ƙage ba mai kai shi asibiti.

Da yamma sai ga Auta, farin alli a hannun riga, ya shigo ya tsaya.

“To?” in ji Kawu.

“Na isa ƙofar ajin ƙafata ta tsaya. Bayan ban-ɗakin nan yana can yana kirana, Kawu, kamar da suna. Sai na leƙa na dubi yaran ɗaya bayan ɗaya, na ga duk ajin ba wanda ya kai Baba Tela fitina. Na shiga.”

“A rubuta wannan,” in ji Tela. “Na yi wa ilimi hidima.”

“Wata yarinya ta tambaye ni me ya sa ba a ganin iska. Na ce ban san yadda zan yi mata bayani ba, gobe zan zo da amsa. Na ɗauka shi ke nan na faɗi. Da aka tashi malamin ya ce na wuce, amma in ƙara murya, na baya ba sa ji.”

“Gaskiya ya faɗa,” in ji Kawu. Ya juya yana goge injin da ya riga ya goge. “Taba fa?”

“Ban sha ba.” Auta ya dubi tagar baya. “Amma ina son ta. Yanzu haka ina son ta.”

“To zauna nan har son ya wuce.”

Direba ya matsa, Auta ya zauna a tsakaninsu, doguwar ƙafarsa ta tare hanya. Tela ya gyara zama, ya ce shi fa bai yarda ba a ganin iska ba, shi yana ganinta sarai in ta taso da yamma.

“Ƙura kake gani, Baba Tela.”

“Kai yaro, ni za ka gaya wa abin da idona ke gani?”

“Ni zan gaya maka,” in ji Auta. Ya miƙa hannu ya ɗauko guntun alli.